Ɗan Maraya Jos: Mawaƙin Da Ya Zana Mu Da Kuntigi



Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i a nan Azare, sai wani matashi ya miƙo mana wayarsa yana ƙyalƙyala dariya. Zanen barkwanci ne na Mustapha Bulama, wanda ke yi wa jaridar Daily Trust zane. Waya ta yi ta yawo daga wannan hannu zuwa wancan, wani ya yi dariya, wani ya girgiza kai. Sai yaron ya ce shi abin da ke ba shi takaici, Bahaushe bai taɓa samun irin wannan ba sai yanzu da boko da intanet suka yawaita. Wai a da ba mu da mai nuna mana kanmu cikin raha, sai masu yabon sarakuna. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Maiduguri. Ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya duba da kyau, ya mayar wa mai ita. Ya ce, "Yaro, ai wannan aikin Ɗan Maraya ne. Shi dai da kuntigi ya yi nasa zanen."

Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta zauna mana a rai. Gaskiya ne ba a san marigayi Dokta Adamu Ɗan Maraya Jos da fensir ko takardar zane ba. To amma mene ne aikin mai zanen barkwanci? Ya ɗauko halin mutum ya ƙara masa gishiri, ya ajiye shi a gaban jama'a yadda kowa zai gane shi ko ba a kira suna ba, a yi dariya, sannan a koma gida ana tunani. In dai wannan ne aikin, dattijon nan bai yi kuskure ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar wannan bawan Allah, musamman saboda ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka taso bayan muryarsa ta yi ƙaranci a gidajen rediyo.

GARIN DA AKA HAIFE SHI

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kudu da Jos, a shekarar 1946. Bukuru da Jos garuruwan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawan Ingila suka fara haƙar kuza a kan tsaunukan nan, a ƙasar Birom da maƙwabtansu. Haƙa kuwa tana son hannu, don haka mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Zazzau, Katsina, Sakkwato, Barno da Bauchi. Leburori suka zo, 'yan koli da mahauta da masu tuwo suka biyo su, malamai da makaɗa ma ba a bar su a baya ba. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Jos, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan.

Mu mutanen Katagum ba baƙi ba ne a wannan labari. Da farko Jos tana cikin Lardin Bauchi ne. A 1926 aka kafa Lardin Filato, a shekarar ce kuma aka ɗauke ƙasar Katagum daga Lardin Kano aka haɗa ta da Bauchi. Hanyar da ta kai mu Bauchi ita ce ta zarce da mu Jos, ko fatauci, ko cin rani, ko neman aiki.

Shekaru huɗu kafin haihuwar Adamu, a 1942, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, ga kuma yaƙin duniya na biyu ana tsakiyarsa. Sai Turawa suka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas da mutane suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. An ɗora wa hakimai da dagatai a lardunan Arewa su kawo majiya ƙarfi, aka kwashe su zuwa ramukan kuza. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cuta suka hallaka da yawa daga cikinsu.

A irin wannan gari yaron ya buɗe ido. Gari ne na baƙi, inda ba a cika tambayar mutum ɗan wane ne ba, sai dai me yake yi. Ga lebura, ga ɗan kamasho, ga mai shayi, ga malami, ga boka, ga wanda ya samu jiya ya tsiyace yau. Wanda ya tashi a cikin birni mai ganuwa, gidajen sarauta da na attajirai yake fara sani. Wanda ya tashi a Bukuru, halayen mutane yake fara sani.

MARAICI DA GWANGWANIN KIFI

Mahaifinsa makaɗi ne a wajen Sarkin Bukuru, wato sarkin Hausawan garin. Ya rasu ba da jimawa ba bayan haihuwar Adamu, mahaifiyar ma ta bi shi yaron yana ƙarami ƙwarai. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi, har ya danne sunan yanka. Wani da ya girma sai ya nemi ya yar da irin wannan suna. Shi kuwa ya riƙe abinsa, ya haɗa shi da sunan garin da ya zauna, ya shiga duniya da su. Hausawa sun ce babu maraya sai rago.

Tun yana yaro ya yi tafiya Maiduguri, a can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa. Da ya dawo ya haɗa nasa. Ga wanda bai taɓa gani ba, kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya tak. Jikinsa gwangwanin kifi ne, irin mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya. Shi ke nan. Abin da wani ya ci kifi ya jefar a bola, shi wannan yaro ya ɗauka ya yi sana'ar da ta kai shi ƙasashen Turai da Amurka.

A lura da bambancinsa da manyan makaɗan zamaninsa. Alhaji Mamman Shata yana tafe da makaɗan kalangu da 'yan amshi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo yana da kotso da mataimaka masu karɓi da ƙari. Waɗannan ƙungiyoyi ne, a ciyar da su, a tufatar da su, a ɗauke su a mota, don haka dole a samu babban ubangida. Ɗan Maraya kuwa galibi shi kaɗai ne: shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne mai amshi. Kayan aikinsa gaba ɗaya bai fi a saƙale a aljihun babbar riga ba. Wanda nauyinsa bai da yawa, bakinsa ya fi sakewa. Haka mai zane yake, daga shi sai alƙalami da farar takarda.

WAƘAR DA TA FITO DA SHI

A ƙasar Hausa an san wa ake yi wa waƙa. Ibrahim Narambaɗa yana fadar Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, Sarkin Taushi yana fadar Katsina. Bayan sarakuna sai attajirai, sai jarumai irin 'yan dambe da 'yan tauri da manyan manoma. Ko a tasha, in za a yi waƙa, mai mota ake yi wa, ko direba.

Waƙar da ta fara fito da Ɗan Maraya, wadda kuma har yau aka fi saninsa da ita, ita ce Waƙar Karen Mota. Mu da garinmu ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ba sai an yi mana bayanin karen mota ba. Shi ne mai lodi da sauke kaya, shi ne mai ɗaure igiya. In taya ta yi faci shi zai shiga ƙarƙashi. In an zo hawa mota ta gaza, shi zai diro da gudu ya sa weji. In ta mutu shi zai tura, in lagireto ya tafasa shi zai nemo ruwa ko da daga ina ne. Direba na ɗakin kwana, shi yana kan kaya yana gadi. Sunan da aka ba shi kaɗai ya isa ya nuna matsayin da jama'a suka ajiye shi.

Wannan mutum Ɗan Maraya ya ɗauko ya yi wa waƙar yabo, irin wadda aka saba yi wa masu rawani. Babu kyautar doki ko riga da za ta fito daga wajen karen mota. Abin da ya fito shi ne, dubban samari a tashoshin Arewa suka ji an ambace su a rediyo a karo na farko, fasinja kuma ya fara kallon yaron da ke ɗora masa buhu a matsayin mutum mai sana'a. Dattijon da muka ambata da farko ya ce mana shi ma da karen mota ya fara, kuma duk ranar da aka sa waƙar nan a tasha, tafiyarsu ma canzawa take yi.

ZANE KAFIN ZUWAN TAKARDA

Komawa ga maganar matashin nan, cewa Bahaushe bai san nuna wa mutum kansa cikin raha ba sai yanzu, wannan ba haka ba ne. Muna da hanyoyinmu tun kafin a kawo injin buga jarida.

Akwai wasan gauta, wanda matan fada ke yi, wata ta fito a sarki, wasu su fito a fadawa da hakimai, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu da yadda suke hukunci, masu abin suna kallo. Ta nan sarki kan ji abin da ba mai iya faɗa masa a zaure. Akwai kalankuwa bayan kaka, inda samarin ƙauye ke naɗa nasu sarkin da alƙali da ɗan doka, su yi mulkin wasa. Akwai 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin manyan makaɗa, su juye su su koma zancen tuwo da miya. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke manna gemun auduga su fito a tsoho, ko su rataya layu da saiwoyi su fito a mai magani. Akwai wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, irin wanda mu a ƙasar Guddiri muke gani kullum tsakanin Fulani da Barebari, kowa ya siffanta ɗan'uwansa yadda ya ga dama, ba mai fushi.

A cikin waƙa kuma akwai zambo da habaici. Makaɗin fada in zai yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo, sai ya kama wani abu a jikinsa ko ɗabi'arsa, tsawo ko gajarta ko rowa, ya hura shi har ya cika wuri. Abin da mai zane ke yi ke nan in ya ja hancin ɗan siyasa ko ya kumbura masa tumbi. Habaici kuwa ba ya nuna yatsa, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A cikin wannan gado Ɗan Maraya ya tashi. Abin da ya ƙara shi ne, ya bar siffar jiki ya koma kan hali, ya bar abokin gabar sarki ya koma kanmu gaba ɗaya.

YADDA ZANEN JARIDA YA SHIGO

Zanen barkwanci na takarda ta Kudu ya shigo Nijeriya. Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa jaridar West African Pilot a Legas a 1937, kuma a cikinta ne Akinola Lasekan, mutumin Owo, mai sa hannu da sunan Lash, ya yi ta zana Turawan mulki daga shekarun 1940. Shi ake ɗauka a matsayin na farko a wannan fage a ƙasar nan. Bayansa aka samu irin su Josy Ajiboye da Dele Jegede a jaridun kamfanin Daily Times, sannan Wale Adenuga da mujallar Ikebe Super, inda Papa Ajasco ya fito kafin ya koma talabijin.

A Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. New Nigerian ta biyo baya a Kaduna a ranar 1 ga Janairu, 1966. Amma masu karatun boko a lokacin 'yan kaɗan ne, jarida ɗaya sai ta zagaya unguwa, mutum ɗaya yana karantawa goma suna saurare. Ga kuma taka-tsantsan da mutanenmu ke yi game da zana abu mai rai. Saboda haka abin da 'yan Legas suka samu ta ido, mu ta kunne muka same shi.

A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauye, ta shiga gona, ta shiga rugar Fulani. Daga baya kaset ya zo, ya shiga kowace mota da kowane teburin mai shayi. Wannan ce jaridar talaka, kuma a shafinta Ɗan Maraya ya yi zanensa. Ba sai ka iya karatu ba, ba sai ka sayi kwafi ba.

YADDA YAKE ZANENSA

In muka dubi waƙoƙinsa za mu ga dabaru uku da ya yi tarayya da masu zane a kansu.

Ta farko, yakan ɗauki nau'in mutum, ba wani mutum guda ba. Magulmaciya, uban da ya ga kuɗi ya rufe ido, mijin da ba ya haƙuri, mai samu da marar samu. Ba ya cewa wance 'yar wane ce a unguwa kaza. Amma duk unguwar da aka sa waƙar, sai ka ga mutane suna satar kallon wani gida.

Ta biyu, yakan sauya murya. A waƙar Gulma Wuya ya kawo labarin wata magulmaciya da ke haɗa baki da boka suna raba mata da mazajensu. Maimakon ya ba da labarin daga nesa, sai ya shiga cikinsa: ya yi muryar wannan, ya juya ya yi ta wancan, ya dawo ya yi ta mai ba da labari, kuntigi kuma bai tsaya ba. Mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya, amma kai da ke sauraro sai ka ga ɗaki, ka ga tabarmar boka, ka ga yadda matar ke karkace baki. Ya yi amfani da wannan dabara a wasu waƙoƙin ma.

Ta uku, dariyar ba ita ce maƙasudi ba. A waƙar Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so. A tuna, ya yi wannan ne a lokacin da yarinya ba ta da bakin faɗar haka a gaban mahaifinta, kuma ba kowane mai wa'azi ke taɓa zancen ba. A Jawabin Aure ya jero wahalhalun da saki ke jawowa, ya roƙi ma'aurata su riƙa sasantawa. A Mai Akwai da Babu ya dubi zaman mai shi da marar shi. A Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali ya haɗa mu duka a hoto ɗaya. Ba mu kawo baitocin a nan ba da gangan. A nemi waƙoƙin a saurara daga bakin mai su, domin rabin ma'anar tana cikin muryar.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Usman Baba Pategi ya zana mana soja a wasan Samanja, Ƙasimu Yero ya zana mana karambani, Rabilu Musa Ibro ya zana kusan kowa. Sai dai su suna da abokan wasa da kayan sawa da kyamara. Ɗan Maraya gwangwani kawai gare shi.

YAƘI, YABO DA IYAKAR ABIN

Ba za mu mai da shi abin da ba shi ba ne. Makaɗi ne, da kiɗa yake ci, ya kuma yi waƙoƙin yabo kamar sauran 'yan'uwansa. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama, yana ƙarfafa musu gwiwa, yana siffanta fagen daga kamar mai sauraro yana wurin. Hukuma ta san amfaninsa, ta kuma girmama shi. Ya samu lambar girmamawa ta ƙasa, ya samu lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Maraya mai gwangwanin kifi ya sa rigar da farfesoshi ke sawa.

Wani zai ce, to ai bakinsa ya fi kaifi a kan talaka ɗan'uwansa fiye da kan masu mulki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ba irin Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ba ne, wanda ya tunkari Turawa da sarakuna gaba da gaba har ya rasu a 1958, ba kuma irin mawaƙan NEPU ba ne da suka sha ɗauri da bulala. Hanyarsa daban ce. Amma a tuna irin zamanin da ya ratsa. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4, an ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labarin da suka buga. A irin wannan yanayi, masu zane da mawaƙan da ba su kama suna su ne suka ci gaba da magana lokacin da aka rufe bakin wasu.

Sannan ba ƙaramin abu ba ne mutum ya gaya wa jama'arsa laifinsu. Zagin gwamnati a majalisa yana da sauƙi, kowa zai taya ka. Amma ka ce wa uba ya daina sayar da 'yarsa, ka ce wa maƙwabciya ta daina kashe auren mutane, ka ce wa mai mota yaron nan da ke ƙarƙashin taya mutum ne, wannan gidan kowa ya shiga. Gwamna yakan sauka bayan 'yan shekaru. Halin da Ɗan Maraya ya zana har yau yana nan tare da mu.

ƘARSHEN TAFIYA

Jos da ya ɗauki sunanta ya kai duniya ta shiga jarrabawa a ƙarshen rayuwarsa. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun raba unguwanni, sun raba maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke can sun dawo gida a waɗannan shekaru, wasu ba su dawo ba har abada. Shi a Jos ya ci gaba da zama, a can kuma Allah ya karɓi ransa ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan azumi, bayan ya yi jinya. Wata shida ke nan bayan rasuwar Ibro a Disambar 2014, shekara 16 kuma bayan rasuwar Shata, wanda shi ma a watan Yuni ya tafi, a 1999.

ABIN DA YA RAGE MANA

Abu uku muke so mu bari a zukatan masu karatu.

Na farko, karen mota bai ƙare ba, suna ya canza. Yau shi ne kwandasta, shi ne ɗan acaɓa, shi ne mai Keke Napep da ke biyan balas kullum, shi ne mai tura kurar ruwa, shi ne yaron da ke dako a kasuwar Azare. Mawaƙanmu na yanzu suna da situdiyo da fiyano da kwamfuta, kayan da Ɗan Maraya bai yi mafarkinsu ba yana yaro. Amma in kakar zaɓe ta zo, waƙa ɗari za ka ji ta masu neman kujera kafin ka ji ɗaya ta waɗannan bayin Allah. Muna kira ga matasanmu masu wannan baiwa su waiwaya tasha.

Na biyu, yaran da Allah ya ba hannun zane. Muna firamare akwai wani abokinmu da ya zana malaminmu a bayan littafi, da bulala wadda ta fi shi tsawo. Duk wanda ya gani ya gane ko wane ne, har shi malamin, wanda ya tabbatar masa da tsawon bulalar a ranar. Daga nan ba mu sake ganin ya zana ko da kaza ba. Ba muna cewa yaro ya raina malaminsa ba ne, kuma abin da ya shafi hukuncin zane a addini malamai suna nan, a tambaye su. Amma idon da ya iya ganin abin da kowa ke gani ya kasa faɗa, ba idon banza ba ne. A gyara masa hanya, kada a rufe shi. Wanda muke kallon zanensa a waya yau, da an karya masa fensir yana yaro, da ba mu san shi ba.

Na uku, Ɗan Maraya ya yi sa'a, rediyo da faifai da kaset sun riƙe mana muryarsa. Ƙasar Katagum ma ta yi makaɗanta, na fada da na noma da na tauri, da masu algaita, da zabiyoyin biki, da masu ban dariya a kasuwannin ƙauye, daga Azare zuwa Jama'are, Shira, Gamawa, Giade da Zaki. Da yawansu sun tafi da abinsu a ciki, saura kuma tsufa ya kama su. Wayar da muke kallon zanen Bulama da ita tana iya ɗaukar murya. Wanda ke da kaka ko maƙwabci mai irin wannan sana'a, ya je ya gaishe shi, ya nemi izininsa, ya ɗauka, ya rubuta sunansa da garinsa da ranar da aka ɗauka. Wanda kuma ke da tsofaffin kaset a akwati, ya fito da su a juye su kafin zafi da ƙura su gama da su.

Matashin da ya tayar da wannan magana ya dawo majalisa bayan kwana biyu da Gulma Wuya a wayarsa. Aka sa, aka saurara har ƙarshe. Da ta ƙare sai ya ce wallahi ya san matar nan, a layinsu take.

Allah ya jiƙan Dokta Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.